Nonon Saliha

Biron hannuna ya suɓuce, ban ko sunkuya ba.

"Inna... wa kika ce ta shayar da shi?"

Mahaifiyar Suhaibu ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta tana murmushi. Ba ta san abin da ta faɗa ba.

Sunana Adawiyya, ma'aikaciyar jinya a Birnin Gwari. Ina cikin masu bin ƙauyuka muna tambayar mata yadda suka ciyar da 'ya'yansu suna jarirai, sannan mu ɗebi jinin yaran. Likitanmu ya ce yadda ƙarfe ke tsatsa, haka jikin mutum ke yi ta ciki. So muke mu gano ko nonon uwa na rage wa yaro wannan tsatsar idan ya tasa.

Suhaibu ke kai ni a babur.

Damina guda muka yi muna ratsa daji tare. Ƙamshin ƙasa bayan ruwa, shanun Fulani farare tas cikin ciyawa, shi kuma yana rage gudu ba dalili.

"Malam, za mu makara fa."

"Ai da gangan ne, hasken idona. In mun isa sauka za ki yi."

Kawuna ya ce ba zai ba ɗan acaɓa ni ba. Sai da Suhaibu ya yi sawu bakwai kafin ya sakko. Aka sa rana bayan girbi.

Ranar nan a Randagi, ƙanwarsa Muslimat mai shekara tara ce a takardata.

"Shekara biyu cur ta sha," in ji Inna. "Duk haka na yi musu, ban da angon naki. Da na haife shi a Gayam zazzaɓi ya ƙafar min da nono. Maƙwabciyata ce ta haɗa shi da jaririyarta, wata huɗu. Saliha matar Audi maƙeri. Tun da muka watse ban sake jin labarinta ba."

Na ji muryata kamar daga cikin rijiya.

"Ta rasu ina shekara biyar, Inna. Ni ce jaririyar."

Kwanon gyaɗar ya kife.

"Innalillahi... 'Yar nan, ashe ke ce?"

Ta riƙo hannuna. "Ni da ke kaɗai muka ji..." Sai ta kasa ƙarasawa, ta rufe fuska da zane tana istigfari.

A gindin ɗorawa na same shi yana goge babur. Na faɗa masa duka, kaina a ƙasa.

Ya ajiye tsumman da ke hannunsa.

"Inna kan ce ba don wata baiwar Allah ba, da ban kai ranar suna ba," ya ce a hankali. "Kullum ina yi mata addu'a, ban san mahaifiyarki ba ce."

"Suhaibu, ya zan yi da zuciyata?"

"Ban sani ba, Adawiyya. Wallahi ban sani ba."

Iska ta kaɗa, ganyen ɗorawa ya faɗo tsakaninmu.

"Yaya kamanninta?" ya tambaya.

"Doguwa ce. Tana da wushirya."

"Ki kai ni kabarinta."

Ranar Juma'a na kai shi. Ya durƙusa ya yi addu'a har kafaɗunsa na rawa, ni ina daga bakin maƙabarta ina kallonsa.

Da ya fito ya goge ido da hularsa.

"Mu tafi, ƙanwata."

"To, Yaya."