Angon Ƙarfe Bakwai na Safe

Ranar da Afiniki ta fara ganin Wilfred, baiti biyu kawai ya rera daidai.

A cocinsu ne na Kafanchan, daminar 1976, wajen koyon waƙa na yammacin Alhamis. Ita daga Manchok ta zo koyon ɗinki wurin gwaggonta. Shi malamin firamare ne, dogo, mai tsabtar riga. Ya ɗauki baitin farko da murya mai daɗi har sai da ta waiwaya. A na uku muryar ta koma ta hanci, kalmomin suka cakuɗe, fatar idonsa na hagu ta sauko.

Matar da ke kusa da ita ta yatsine fuska. "Tir! Tica ya sake biyawa ta gidan burkutu. A ɗakin Ubangiji fa."

Da aka tashi Afiniki ta wuce dab da shi. Ba ta ji warin komai ba sai sabulu da alli.

Washegari da sassafe sai ga shi a shagon ɗinkin gwaggonta da rigar da maɓallinta ya cire, idanunsa garau.

"Ina kwana, madam tela."

"Lafiya, Tica. Yau idon naka ya farka?"

"Da ya gan ki ya miƙe tsaye."

Maɓallan rigunansa suka yi ta cirewa har wata biyu. Wata rana ta ce, "Sauran samari da yamma suke zuwa zance. Kai sai da safe kamar mai tallan koko?"

"Fini na, safiya ce ta dace da ke," in ji shi, ya kawar da maganar.

Mahaifinta, Baba Zamani, dattijon coci ne a Manchok. Giya ce ta kashe ƙanensa, shi ya yi jinyarsa, ya wanke amansa shekara uku. Ko tukunyar burkutu ya hango sai ya tofar da yawu. Kuma Nicholas, ɗan maƙwabcinsu da ya daɗe yana son Afiniki, ya riga ya kai masa labarin abin da ake faɗa a Kafanchan.

A al'adarsu, manemi yakan kawo abokansa su yi wa suruki noma yini guda. Da yamma a miƙa masa ƙwaryar kunu ya fara sha, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

Ranar noman Baba Zamani, da safe Wilfred ya riƙe garma, yana ta da kunyoyin gona tare da kowa. Da rana ta take, hannuwansa suka ƙi ɗaguwa. Kafin yamma kansa ya rinjayi wuyansa, idanu biyun sun kusa rufewa.

Mama Asibi, uwar Afiniki, ta kawo kunun acca. Ya kai ƙwaryar baki, ya kurɓa. Kunun ya ƙi wucewa. Ya dawo ta hanci, ya zubo kan rigarsa, wani ya koma cikin ƙwaryar da kowa zai sha. Yawu ya biyo haɓarsa. Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, abin da ya fito ba magana ba ce.

Nicholas ya bushe da dariya. "Ban gaya maka ba, Baba? Ya ɓoye gora a bakin gona."

"Ƙazanta!" Baba Zamani ya miƙe yana kakkaɓe riga. "A gidana? Asibi, fasa ƙwaryar nan, ko akuya kada ta sha a ciki."

Afiniki ta kau da kai. Ta toshe baki da gefen zane, ta ruga bayan rumbu. Wilfred ya ɗaga fatar idonsa da yatsa, ya gan ta tana gudu.

Bayan mako guda direban motar kasuwa ya kawo mata wasiƙa. Rubutun ya fara a miƙe, ya ƙare a karkace.

"Fini na. Ban taɓa ɗanɗana giya ba. Ciwo gare ni. Likita a Zariya ya ce saƙon da jijiya ke kai wa tsoka ne yake raguwa in na gaji, shi ya sa nake mutum da safe, da yamma in zama abin da kika gani. Akwai ƙwayar da nake sha, amma ranar na ji kunyar haɗiye ta gaban mutanenku. Na gwammace a ce mini mashayi da a ce mini nakasasshe, don mashayi ana sa ran zai tuba. Na ɓoye miki, na yi laifi. Na ga kin toshe baki. Ban ga laifinki ba, ni ma nakan ji ƙyamar kaina. Naki, Wilfred."

Ta karanta sau biyu. Wannan karon ƙyamar kanta take ji.

Ta sami mahaifinta yana wasa lauje, ta durƙusa ta karanta masa.

"Kowane mashayi da labarinsa," in ji shi. "Na ji na ƙanena har na gaji."

"To Baba, tunda ka san su, ka tsare shi yini ɗaya. Kada ya ci ko ya sha sai daga hannunka."

Tsohon ya daɗe yana goga laujen a dutse. "Ya zo Asabar."

Wilfred ya iso da hantsi. Baba Zamani ya laluba aljihunsa, ya shinshina bakinsa, ya karɓe kwalbar ƙwayar. Ya zaunar da shi a gindin mangwaro, ya ɗebo masa ruwa daga randarsa, ya miƙa masa Littafi Mai Tsarki.

"Karanta mini Zabura, Malam. Da ƙarfi. Kada ka tsaya."

Ya fara tiryan-tiryan. Tsohon bai ɗauke ido daga kansa ba. A hankali muryar ta fara komawa hanci. Idon hagu ya sauko, na dama ya bi. Littafin ya zame daga hannunsa, yawu ya taru a gefen bakinsa.

Afiniki tana tsaye kusa. Ba ta motsa ba.

Baba Zamani ya zaro ƙwaya ɗaya ya ba shi. Da ƙyar ta wuce. Suka jira. Kafin inuwar ta matsa taku biyu, idon ya fara buɗewa, muryar ta dawo.

"Giya ba ta sakin mutum haka," tsohon ya faɗa a hankali. Ya ciro hankicinsa, ya goge wa saurayin haɓa da hannunsa. "Tir da mu. Mutum ya yi mini noma har ya faɗi, na fasa ƙwarya saboda shi. Zai warke?"

"Likita ya ce a'a, Baba. Sai lallaɓawa."

Ya juya ga 'yarsa. "Kin ji?"

"Na ji, Baba. Na ga yammacinsa, na gudu sau ɗaya. Ba zan ƙara ba."

Nicholas ya leƙo ta kan danga. Tsohon ko kallonsa bai yi ba, ya ce, "Wuce, ɗana. Bakinka ya fi burkutu wari."

Aka sa ranar aure bayan girbi, ƙarfe bakwai na safe. Matan zumuntar coci suka yi ta mita, wai wa ya taɓa ganin ango kafin shinkafa ta nuna. Baba Zamani ya ce wanda ba zai iya tashi ba ya yi zamansa.

Cocin ya cika duk da haka. Da Fasto ya yi tambaya, Wilfred ya ce, "Na yarda," har na bencin baya suka ji. Afiniki ta raɗa masa, "Tica na, adana sauran muryar, waƙar baiti huɗu ce. Ka ɗauki biyu, ni zan ƙarasa."

A ƙofar coci Mama Asibi ta tare su da sabuwar ƙwarya cike da kunu. Ango ya sha. Baba Zamani ya karɓa, ya juya ta daidai inda bakin surukinsa ya taɓa, ya sha, ya miƙa wa 'yarsa.

"Ubangiji ya albarkaci safiyarku," in ji shi, "ya riƙe ku da yamma."

Jama'a suka amsa da amin.