Zaƙin da Ba a Sha Ba a Ofishin Gwamna

Ranar Litinin da hantsi mutanen garin Kastrovuni suka ga katafila tana tuge kututtura a tsaunin da gobara ta cinye bara. Doka ta hana gini a dajin da ya ƙone, ko yaro ya san haka. Amma da Sufeton 'yan sanda Lambrini Karatza ta hau tsaunin, direban katafilar ya miƙa mata takardar izini mai hatimin jiha da sa hannun Gwamna Periklis Dumanis, ranar sha takwas ga Maris.

Sau biyu ana kai Dumanis kotu yana fita. Wannan karon mai gabatar da ƙara ya ce ran Juma'a zai gurfanar da shi, kuma in takardar ta tabbata, ba kujera kaɗai zai rasa ba, gidan yari zai kwana.

"Hannun kamar nawa," in ji gwamna, "amma ban taɓa ganin takardar nan ba."

Lambrini ta saba jin wannan waƙar. Ta fara da Stamatis, ɗan kwangilar da ke da aikin tsaunin.

"Ni ko matakalar ofishin ban taka ba," in ji shi. "Mataimakin gwamna ya kawo min takardar, Fotis Mavrudis."

Masu gadin ƙofa suka gaskata shi, ta sallame shi.

Fotis kuwa ya tarbe ta da fuskar tausayi. Shi ya riƙe wa ɗan gwamna kyandir ran baftisma, shekara ashirin suna tare da gwamnan.

"Ciwo nake ji, 'yata, amma ba zan yi wa hukuma ƙarya ba. A gabana gwamna ya sa hannu."

"Ku nawa ne a ɗakin?"

"Mu biyu. Sai Kiriya Evanthia da ta shigo da faranti."

"Me ke kan farantin?"

Ya yi murmushi. "Abin kullum mana. Kofi, ruwan sanyi, da cokalin zaƙin lemo, irin wanda ake dafawa da sukari. Har na lashe cokalin."

Ta rubuta, ya sa hannu.

Saura Evanthia, sakatariyar gwamna, tsohuwa mai baƙaƙen kaya, wadda mabuɗin akwatin hatimi ke rataye a wuyanta. Kowa Kiriya yake ce mata, laƙabin girmama mace, kamar yadda ake ce wa namiji Kirie. Ita Lambrini ta fi zargi, don haka ta shiga mata ba sakin fuska. Tsohuwar ba ta ko kula ba, ta dire mata faranti.

"Sha tukuna, kin rame. Ba a ciyar da ku ne a wurin aikin naku?"

"Kiriya, mabuɗin nan ya taɓa barin wuyanki?"

"Sau ɗaya. Ran da aka binne mahaifiyar gwamna, biyu ga Maris. Ina coci, Fotis ya ce akwai takardun gaggawa, na ba shi, da yamma ya dawo min da shi. Ci zaƙin mana. Kin yi sa'a, makon jiya na buɗe kwalbar."

Lambrini ta tsaya da cokali a hannu. "Da a rufe take?"

"Haba, 'yata, a wane gida kika girma? Wa ke ba da zaƙi kafin arba'in ɗin mamaci? Kofi mai ɗaci da busasshen burodi, shi ke nan. Shi kansa gwamna ya yi ta mita, wai ofis ba gidan makoki ba ne. Na ce masa muddin ni ke ɗaukar faranti, uwarsa za ta samu haƙƙinta."

Kunya ta kama Lambrini, don ita ma haka aka yi ran da kakanta ya rasu, ta manta. Ta tambayi masinjoji da baƙi huɗu da suka shiga ofishin a Maris. Kowa ya tuna ɗacin kofin nan, wani har da tsaki.

Ran Laraba ta zaunar da Fotis a gaban gwamna, ta karanta masa maganarsa.

"Sha takwas ga Maris, kwana sha shida da binne mahaifiyar gwamna. Zaƙin wa ka lasa, Kirie Fotis?"

Ta ci gaba.

"Ba ka zauna a ɗakin nan ba ran nan. Ka buga hatimi tun ranar jana'iza, ka kwaikwayi hannun da ka sani shekara ashirin, ka sa kwanan wata daga baya. Da na tambaye ka faranti, sai ka faɗi wanda ka saba gani. Sabo turken wawa."

Fotis ya dubi gwamna. "Shekara ashirin ina riƙe masa jaka," ya ce a hankali. "Sai yaushe jam'iyya za ta tsayar da ni takarar gwamna?"

Aka fita da shi. Gwamna ya kama hannun Lambrini yana godiya.

"Ba ni ba ce, Yallaɓai," ta ce, ta nuna ƙofa da haɓa. Ita ma godiyar ce fal cikinta, don da ƙyar ta kauce wa ɗaure marar laifi.

Ya fita zuwa teburin Evanthia, ya sunkuya a gaban ma'aikata duka, ya sumbaci hannunta kamar yadda ake yi wa uwa.

"Na yi miki mita, Kiriya. Ki yafe min."

Ta janye hannun, ta goge ido da bakin mayafi. "Tashi, Periklis, mutane na kallo. Gobe ka je kabarin mahaifiyarka ka kunna fitila, ita za ka gode wa."