Ranar Kiran Sunayen Bak

Sa'ida tana tafe a bakin titin Madawa, idonta cikin littafin adabin Faransanci, bakinta yana motsi, sai ta yi tuntuɓe da buhun albasa. Saurayin da ke lodin buhunan ya tsuguna ya ɗauko mata littafin, ya kaɗe shi.

"Malama, albasag ga ba ta yi lakkwal ba, ba ta san boko ba. Ki yi mata haƙuri."

Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata. Sunansa Tanimu, ɗan Garhanga, ɗalibi a jami'ar Tawa, yana taya wansa aiki idan an yi hutu. Ita kuwa daga Urno take, tana zaune gidan gwaggonta a ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare. Bara adabi ne ya kayar da ita a bak, jarrabawar shiga jami'a, tun daga nan ko sunan darasin ba ta son ji.

Kafin wata ya zagayo saƙonni sun fara kai da komo.

"Malamata, kin ci abinci ko littahi kinka ci?"

"Mai albasa, tsoro nika ji. In na sake hwaɗuwa hwa?"

"Sai in sake ɗauko ki in kaɗe."

Zance ba ya ɓuya, ya kai Urno kunnen mahaifinta, Bello, mutumin da ya fi sakin fuska ga shanunsa a kan mutane. Ya aiko a gaya wa Tanimu: idan yarinya ta faɗi bana, shi ne sila, kada ya kuskura ya tako ƙofar gidansa.

Tanimu ya haɗiye maganar, ya ɗauke ƙafa, ya daina saƙo don ta yi karatu. Shi a ganinsa gwaninta ya yi! Sa'ida kuwa ƙawaye suka tsegunta mata wai an gan shi ya goyo wata Binta a babur. Ta sha kuka, ta shiga jarrabawa da fushi, ta cika takardar adabi har baya. Sai da ta fito ta ji Bintar ƙanwarsa ce.

Ranar kiran sunayen waɗanda suka ci, tsoro ya hana ta fita, ta zauna a ɗaki. Tanimu ya tafi filin makarantar shi kaɗai. Yana kutsawa cikin jama'a sai ga Bello tsaye da sandarsa, ya yi sammako daga Urno. Tanimu ya durƙusa ya gaishe shi, tsoho ya amsa da ƙyar.

Aka fara kira da lasifika. Masu guɗa na yi, masu kuka na yi. Sai da aka kusa ƙarshe aka kira Sa'ida Bello.

Tanimu ya manta da kunya ya daka tsalle. Bello ya dube shi, ya ga hawaye shaɓe-shaɓe a fuskar yaron.

"Kira min ita," ya ce. Tanimu ya buga mata waya ya miƙa masa.

Sa'ida 'yar fari ce, kuma Bello irin mutanen nan ne da ba sa ambaton sunan ɗan fari. Tunda aka haife ta "ke" yake ce mata. Ya riƙe wayar da hannu biyu.

"Sa'ida," ya ce. "Sa'ida, kin ci."

Ta fashe da kuka. "Baba, sake hwaɗi."

"Kin ci, na ce."

"Ba shi ba, Baba. Na hwarkon."

Tsoho ya yi gyaran murya, kunya ta kama shi, ya mayar wa Tanimu wayarsa.

"Kai kuma, ka hwaɗa ma manyanka ina gida ran Juma'a. Amma karatunta ba shi tsayawa."

"Ni zan kai ta aji da kaina, Baba."

Bayan girbin gero aka ɗaura aure a Urno. Da za a tafi da amarya Tawa, Bello ya riƙo hannunta ya sa cikin na gwaggonta, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Ya juya da sauri ya nufi garke, wai an bar maraƙi a sake. Kowa ya san maraƙin a ɗaure yake, amma aka ƙyale shi ya tafi.