Tsatsa Mai Warin Fitsari

"Kowa ya kwanta!" in ji Kuang. Dama kowa a kwance yake. Tsakar rana ce, duk ƙauyen ana barcin bayan abinci. Tsoho Shao kaɗai ya buɗe ido, ya ga bakin bindiga, ya nuna ɗakin ciki da haɓa.

Ga ta nan. Tukunyar tagulla mai ƙafa uku, irin wadda sarakunan dā ke dafa wa kakanni naman hadaya. Tsatsa ta mai da ita koriya shar. A jikinta fuskar dodon haɗama: idanu waje, ƙaho a murɗe, baki ba muƙamuƙin ƙasa. An ce gargaɗi ne ga masu kwaɗayi. Ɓarawo kuwa ba ya jin gargaɗi.

Kuang ya rungume ta, ya ɗora a babur mai ƙafa uku. Erdan, ƙanin matarsa, ya ba babur wuta. Ƙura! Karnuka! Suna kaiwa gada inji ya mutu.

"Yaya, sauka ka ɗan tura," in ji Erdan.

Ya sauka. Ya tura. Erdan ya ɗaga masa hannu — ya ɓace.

Kuang ya dubi tafin hannunsa: kore, ga zarni. Sai yanzu ya tuna sana'ar ƙauyukan nan: a zuba tagulla bana, a binne ta cikin fitsari da ruwan tsami, a tono ta baɗi da shekara dubu uku. Yana cikin shinshinar hannu 'yan sanda suka tsaya a gabansa. Erdan kuwa a shingen hanya aka tare shi, ya rantse dako kawai aka ba shi.

A ofis, ɗan sanda ya yi wa Kuang bayani yana kurɓar shayi: in jabu ce, da sauƙi, in ta dā ce, a gidan yari zai yi furfura. Da aka kawo Shao shaida, Kuang ya zube gabansa.

"Baba, ka dubi 'ya'yana. Ka ce kai ka zuba ta."

"Ni? Ɗan nan, ko cokali ban iya ƙerawa ba. Gadon kakannina ce."

Har da hawaye. Ina zai ce jabu ce, alhali 'yan'uwanta da ya sayar na zaune a falon manyan birni?

Aka kira masani daga birni. Kuang ya ji sanyi a ransa: mai ilimi ba zai rasa hanci ba. Masanin ya sa safar hannu, ya duƙa, ya shinshina, ya yamutsa fuska. Sannan ya ɗago, suka haɗa ido da tsoho Shao. Masanin nan ne ya sa hannu a takardar duk waɗanda Shao ya sayar a baya.

Ya ce ta dā ce, ba ko tantama, kuma bai taɓa ganin mai kyanta ba.

Erdan ya fita da wuri, Shao ya ƙara wa kayansa kuɗi. Kuang kuwa yana can yana furfura saboda tukunyar da takalminsa ya girme ta.