Kujerar da Babu Kowa a Kanta

Bikin ƙawarta ne ya kai Zuliha Kusada. Tun a mota wayarta ta mutu, ga shi ta yi wa Innarta alkawarin za ta kira da zarar sun sauka. Sai aka nuna mata wani ɗan shagon caji da gyaran waya a bakin kasuwa.

Ta yi sallama, shiru. Ta sake yi, shiru. Mai shagon yana zaune ya tallafe haɓa, idonsa a kan wani allo mai gidaje fari da baƙi. Ta matsa don ta miƙa masa wayar, sai gefen mayafinta ya share allon, 'ya'yan katakon suka tarwatse a ƙasa.

"Wayyo! Don Allah ka yi haƙuri," ta ce, ta durƙusa tana tsincewa, kamar ta nutse don kunya.

Ya ɗago. Bai yi faɗa ba, murmushi ya yi. Ya karɓi 'ya'yan daga tafin hannunta ɗaya bayan ɗaya, yana mayar da kowanne gidan da yake ɗazu, ko tunani bai tsaya yi ba.

"Ka haddace inda suke?"

"Tun safe nake kallonsu. Wannan shi ne ces, darar Turawa. Sunana Sagir."

Ta dubi kujerar da ke fuskantarsa, babu kowa. "To da wa kake yi?"

"Da wani tsoho. Gwanin duniya ne, ya rasu tun ba a haife mu ba, amma an adana wasanninsa duka. Ina karantawa a waya, ina maimaitawa a nan."

Ta faɗa masa sunanta a hankali, har sai da ya ce ta maimaita. Ranar wayarta ta cika tun da wuri, amma ba ta tafi da wuri ba.

Bayan ta koma Kankia saƙonsa na farko ya shigo.

"Assalamu alaikum Zuliha. Tun da kika watsa mini wasa ban sake gane komai a allon nan ba. Ki zo ki gyara abin da kika ɓata."

Ta daɗe tana rubutawa tana gogewa, sannan ta tura: "Ai ka mayar da komai inda yake."

"Ban da zuciyata, Zinariya."

Daga nan sunan ya bi ta. Ya fara zuwa zance bayan la'asar, a kan babur ɗin wansa. Shi ba mai yawan magana ba, ita kuma ta fi shi, sai ya zo da ƙaramin allo ya ajiye tsakaninsu a zaure. Ita tana ɗinkin hula, sana'arta ke nan, shi yana jera 'ya'ya. Tun tana kallo da gefen ido har ta ajiye allura.

Ya koya mata yadda soja ke tafiya, da tsallen doki, da wanda yake kira waziri mai bin karkace, da sarki wanda in ya rasa mafita wasa ya ƙare. Sannan ya nuna mata buɗin wasan Tsoho, kamar yadda yake kiran gwanin.

"Kin ga, idan baƙaƙe ne nasa, ba ya rige-rigen tsakiya. Sai ya bar mai farare ya cika ta da sojoji. Shi kuwa ya kai wazirinsa can kusurwa ya ajiye."

"Tsoro yake ji?"

"Haka ake zato. Sai mutum ya baje, ya saki jiki, sannan Tsoho ya ɓullo ta gefe. Wani lokaci har doki yake bayarwa kyauta don hanya ta buɗe."

"Lallai tsohon nan naka mugu ne."

"Ke ma kin kusa zama muguwa, jiya saura ƙiris ki cinye ni."

"Gwanina ke nan, da bakinka kake ba ni nasara."

Ya bar mata ƙaramin allon. Da damina ta tsaya, mahaifinta Malam Dabo ya aika masa cewa idan da gaske yake ya turo magabatansa. Kafin su zo kuwa, kamar yadda aka saba, ya tura ƙanensa Baffa Jaji zuwa Kusada ya binciko halin yaron.

Zuliha tana kicin lokacin da Baffa ya dawo. Tana jin muryarsa daga tsakar gida.

"Yaya, asali dai babu abin faɗi. Ba ya shaye-shaye, sallarsa a jam'i. Sai dai yaron ba shi kaɗai ba ne."

"Mi kake nufi?"

"Maƙwabtansa suka fara faɗa mini, ban yarda ba, na tsaya tsallaken hanya na gani da idona. Ya ɗaga farin abu ya ajiye. Ya tashi, ya zagaya, ya zauna ɗaya kujerar, ya ɗaga baƙi. Ya dawo. Can sai ya nuna kujerar da babu kowa da yatsa, ya ce, 'Haba Tsoho, ka ba shi doki a banza?' Ya yi shiru kamar ana ba shi amsa. Sai ya tuntsire da dariya, ya ce, 'Tuba nake, na gane.' Yaya, wa yake ba haƙuri?"

Ludayi ya suɓuce daga hannun Zuliha.

Da yamma Malam Dabo ya kira ta. Bai ɗaga murya ba.

"Ɗiyata, ba zan yi miki dole ba. Sharafaddeen mai shagon taki ya daɗe yana aikowa, in ba ki son shi ki bari wani ya zo. Amma ba zan ɗauke ki in kai ki gidan da ake hira da mutanen ɓoye ba."

Tana da amsa a bakinta, amma ba ta taɓa mayar wa mahaifinta magana ba. Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan zanenta.

Labari ya kai Kusada. Sagir ya yi shiru, ta kira ba ya ɗauka. Sharafaddeen kuwa ya fara fakin ɗin motarsa a ƙofar gidansu, yana aiko da turare da atamfa, tana mayarwa. Har ta fara zaton Sagir ya haƙura da ita, sai ga saƙonsa.

"Zinariya, ki yafe mini shiruna. Kunya ce ta hana ni magana. Yanzu ko yara suna leƙo shagona suna gudu. Na ɗaure allon a leda na jefa saman rufi. Zan daina har abada in dai Baba zai yarda. Mu jira, wataƙila ya huce."

Ta karanta, ranta ya yi sanyi da ta san yana nan, amma maganar ba ta kwanta mata ba. Ta rubuta:

"Gwanina, in ka daina, cewa za a yi an yi maka magani ka samu sauƙi, kuma gobe zai iya tashi. Sauko da allonka. Ba zan iya tunkarar Baba ba, amma ina da wata hanya. Ka taya ni da addu'a."

Washegari ta nemi izinin zuwa Rimaye gaida Goggo Haulatu, babbar yayar mahaifinta, wadda ta goya shi da Baffa Jaji duka, ita ce kuma ta koya wa Zuliha ɗinkin hula. Ta sa ƙaramin allon a ƙasan jakarta.

Ta samu Goggo a inuwar darbejiya, ta juya wata tsohuwar hula ta ciki, ta ƙura mata ido tana bin zare da farce.

"Kai, wannan mai hannu," Goggo ke faɗi, "ta ina kika bi kika ɓoye ƙullin nan? Ke dai Allah ya ji ƙanki."

Zuliha ta gaishe ta, ta zauna. Can ta ce, "Goggo, da wa kike magana?"

"Da wadda ta ɗinka mana. Ban san ta ba, hular ta girme ki. Amma in ba ka tambayi aiki ba yaya za ka koya?"

Sai Zuliha ta fashe da kuka. Ta kwashe komai ta faɗa mata, sannan ta fito da allon ta jera. Ta buɗe wayarta ta nuna mata jerin wasan Tsoho, tana karantawa tana motsa fari, tana motsa baƙi.

Goggo ta kalla har ƙarshe. Ta ce, "Wato hular wani yake juyawa ta ciki. Shi ke nan abin?"

"Shi ke nan, Goggo."

"Kuɗi ake zubawa?"

"Ko kaɗan."

"Jaji, Jaji! Tun yana yaro inuwarsa ke ba shi tsoro. Ba ni wayar nan."

Ranar Juma'a bayan an sauko, Malam Dabo da Baffa Jaji suka iso Rimaye. Suka durƙusa suka gaida yayarsu. Goggo ta sa Zuliha ta maimaita abin da ta nuna mata. Ta motsa fari, ta motsa baƙi.

Baffa ya ja da baya. "Innalillahi! Yaya ka gani ko? Ita ma ya shafa mata."

"Rufe mini baki," Goggo ta ce. "Ba kai ne ke cika baki babu mai cin ka dara a Kankia ba? Zauna. Ɗiyarka za ta koya maka, ku buga. In aljani ne ke buga mata, ka yi ta karanto addu'a yana gudu."

"Ni da yarinya, Yaya?"

"Tsoro kake ji?"

Baffa ya gyara hula ya zauna. Mutum ne mai kaifin kai, ba a daɗe ba ya gane tafiyar kowanne. Aka ba shi farare. Zuliha ta yi bisimilla a zuci. Ta san idan ta faɗi za a ce shirme ne, idan kuma ta ci da rashin ladabi ta ƙara ɓata lamarin.

Baffa ya turo sojojinsa tsakiya, ɗaya bayan ɗaya. Ta bar shi. Ta kai wazirinta kusurwa.

"Ka gan ta, ta maƙale a lungu kamar kaza ta ga shaho," ya ce wa Malam Dabo yana dariya.

Ta tura soja ta gefe. Sannan ta ajiye dokinta a inda sojansa zai iya ci.

"A'a, Zuliha, sadaka kike ba Baffanki? Na gode." Ya ɗauke dokin ya jefa aljihu.

Sojan da ya ci dokin shi ne ya tare hanya. Da ya kauce, wazirin da ke kusurwa ya hango har can gidan Baffa. Ta motsa, ya kare, ta sake motsawa. Dariyarsa ta tsaya. Ya kai hannu kan sarkinsa, ya duba dama, ya duba hagu, babu gidan da zai sa shi.

"Baffa, ka yi haƙuri," ta ce, kanta a ƙasa. "Ya ƙare."

Daidai nan aka kira la'asar. Malam Dabo ya ɗauki buta ya nufi bayan ɗaki. Goggo ta ja Zuliha ciki. Zuliha ba ta ga alamar komai a fuskar mahaifinta ba.

Tana ɗaura ɗankwali Goggo ta taɓo ta, ta nuna mata taga.

Baffa Jaji yana nan shi kaɗai a kan tabarma. Ya ciro dokin daga aljihu ya mayar inda yake. Ya tsura wa allon ido. Ya tashi, ya zagaya ya tsuguna a wajen da Zuliha ta zauna, ya leƙa ta kusurwar waziri. Ya dawo wajensa. Sai ya nuna wajen da babu kowa da yatsa.

"Ke, 'yar nema! Ashe da gangan kika ba ni shi?"

Malam Dabo yana tsaye a bayansa, ruwan alwala na ɗiga daga gemunsa.

"Jaji," ya ce a hankali, "da wa kake magana?"

Baffa ya waiwayo. Ya dubi wansa, ya dubi tabarmar, ya dubi yatsansa da ke miƙe har yanzu. Goggo ce ta fara sakin dariya daga ɗaki. Malam Dabo ya yi ƙoƙarin daurewa ya kasa, ya riƙe bango yana yi har da hawaye. Zuliha ta cusa fuskarta a cinyar Goggo, ita kanta ba ta san dariya take ko kuka ba.

Bayan sun dawo daga masallaci, Malam Dabo ya tsaya a ƙofar ɗakin.

"Mun ɗauki alhakin yaron nan. Jaji, kai ka kawo maganar, kai za ka je Kusada ka wanke shi a gaban maƙwabtansa. Ke kuma ki ce masa ya turo."

Tun kafin su kai titi ta tura saƙo: "Gwanina, Baba ya ce ka turo."

Amsa ta zo nan take: "Alhamdulillah! Zinariya, me kika yi?"

"Doki na bayar."

Bayan an gama girbi aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Dabo a Kankia. Baffa Jaji ne waliyyin amarya, kuma shi ya fi kowa ɗaga murya wajen addu'a. Da za a tafi da ita Kusada, mahaifinta ya dafa kanta ya ce, "Allah ya yi miki albarka, ɗiyata. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuri'a ta gari." Goggo ta rungume ta, mata suka rangaɗa guɗa.

Mota ta tashi ke nan Baffa ya biyo ta da sauri, babbar rigarsa na jan ƙasa, ya ƙwanƙwasa gilashi. Aka tsaya, kowa ya zaci wata nasiha ya manta.

"Ki faɗa wa angon naki," ya ce yana haki, "ranar kasuwa ina nan tafe. Ya ajiye mini baƙaƙen."

Zuliha ta yi dariya a cikin lulluɓinta, motar ta ɗauki hanyar Kusada.