Goron da Bapa Ya Tauna

"Selfina! Da gaske ne abin da nake ji?"

Melki ne ya tare ni a bakin rijiya, ko kashe babur ɗinsa na haya bai yi ba. Na sauke jarkar ruwa na ce, "Me ka ji?"

"Wai Malesiya za ki... Ke da ko birnin Kupang na nan ba ki taɓa zuwa ba!"

"To sannu, matafiyi. Kai ina ka taɓa wucewa, kasuwar Soe?"

"Nona," haka yake kirana, wato 'yammata, "ba wasa nake ba."

Ni ma ba wasan nake ba, kuka nake haɗiyewa. Na gaji da jiran ranar da danginsa za su hau tudunmu da kwandon goron pinang su nemi aurena. Kullum maganar ɗaya ce, sai an girbe masara. Masarar bana kuwa ko gwiwa ba ta kai ba ta bushe a tsaye.

Ranar Lahadin da ta wuce ne, bayan an taso daga coci, sai ga Tanta Orpa, ƙanwar mahaifin Melki, mai jan waƙa a coci, baki kamar zuma. Ta durƙusa gaban mahaifina, Bapa, ta ajiye kwandon pinang da ganyen sirih da ake haɗawa a tauna. Bapa, bawan Allah, ya ga gwaggon saurayina da goro, me zai yi zato? Fuskarsa ta cika da murmushi, ya ɗauka ya tauna har bakinsa ya yi ja. Ni kuma ina laɓe a bayan ƙofa ina murna kamar wawuya.

Sai da ya tofar sannan ta buɗe baki. Ba aure ya kawo ta ba, aikin gida ta samo min a ƙetare. A wurinmu kuwa duk wanda ya tauna goron baƙo ya riga ya amsa.

"Gwaggonka ce fa," na ce da Melki a bakin rijiyar.

"Shi ya sa nake tsoro! Ni na san ta. Duk 'yan matan da ta kai, wace ce ta dawo?"

"Adolfina ta aiko an yi wa gidansu rufin kwano."

"Sau ɗaya! Tun daga nan wa ya sake jin muryarta? Masoyiyata, hau mu tafi. Ina da aboki a Atambua, ba wanda zai gan mu..."

"In bar Bapa da abin kunya?"

Na ɗauki jarkata na wuce. A gida na roƙi Bapa har da riƙe ƙafa. Ya ƙi kallona, ya ce, "Na riga na tauna, 'yata. Da wane baki zan janye?" Mama ta ɗaga kai tana kallon rufin madafa inda muke rataye masara. Igiyoyi ne kawai ke lilo.

Gidan da Tanta Orpa ta kai ni a Kupang katangarsa ta fi ta kurkuku tsawo. Tun a ƙofa aka karɓe wayata, aka aske min gashi, aka ce daga yau sunana Maria kuma a takarda na ƙara shekara biyar. 'Yan mata cike da ɗaki a kan tabarma, kowa ta yi tagumi. A nan na gane Melki bai faɗi ko rabin abin ba.

Wata rana da tsakar rana aka fara dukan ƙofar ƙarfe.

"Selfina! Na san kina ciki! Tanta, ki buɗe!"

Muryar Melki ce! Na miƙe da gudu. Tanta Orpa ta riƙo hannuna a hankali, har da murmushi.

"Je ki, 'yar nan, ba wanda ya ɗaure ki. In kin so ki bi shi. Ai gidanku ne ya amsa, ba ke kaɗai ba. Ƙanwarki Yosina ma ta fara tsawo..."

Yosina ko firamare ba ta daɗe da gamawa ba.

Na taka zuwa ƙofar, na buɗe 'yar tagar da ke jikinta. Ya yi futu-futu da ƙura, idanunsa jajur. Da ya ga kaina a aske sai ya dafe ƙofar.

"Me suka yi miki? Fito, nona, ga babur nan!"

"Wa ya aiko ka?"

"Selfina..."

"Ni na ce ina so! Ka zaci dole aka yi min? Me za ka ba ni in na bi ka, hayaƙin babur? Shekara nawa ina jiranka ko kwandon goro ka kasa kawowa. Koma gida, Melki, na samu abin da ya fi ka!"

A raina ina roƙonsa ya ƙaryata ni. Ya ce ƙarya nake, ya ci gaba da dukan ƙofar har maƙwabta su taru, har 'yan sanda su zo.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya share fuska da bayan hannu ya ce, "To... Allah ya kiyaye hanya."

Na yafe wa Bapa, na yafe wa Mama. Abin da har yau na kasa yafewa shi ne yadda Melki, wanda ya fi kowa sanina a duniya, ya yarda da ƙaryar da na yi masa.