Hannun Hagun Raliya

Tasallah na zaune a falo tana tsince shinkafa, mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, na ƙugi a bango, sai ga 'yarta Raliya ta fito daga ɗaki da doguwar jaka a kafaɗa, ta ɗora abaya a kan kayan wasa.

"Yau ma ƙwallon gorar ce?"

"Hoki ake cewa, Yumma," in ji Raliya tana dariya. "Yau Kociya Mariam za ta karanta sunayen waɗanda za su tafi gasar Jidda. Ki sa ni a addu'a."

"Addu'a kullum ina yi. Amma ki dawo kafin yayanki."

Shekarun Raliya ashirin da ɗaya. A Madina aka haife ta, a wannan gida na haya da ke unguwar Ƙiblatain, Hausawa ne amma takardunsu na Sudan ne. Tun rasuwar mahaifinsu gidan ya koma wuyan yayanta Osman, direban bas mai kai alhazai ziyara, kuma iƙamarsu duka, wato takardar izinin zama, a kan aikinsa take rataye. Shekara biyu ke nan da wata ƙungiya ta buɗe wasan hoki na mata a wani rufaffen zaure. Raliya ta je rakiyar ƙawa, aka miƙa mata sanda don raha, daga ranar ba ta sake ajiye ta ba. Kociya Mariam kan ce ba ta taɓa ganin wuyan hannun hagu mai juya sanda kamar nata ba.

A zauren nan ta haɗu da Saif, ma'aikacin motar asibiti, ɗan unguwar Al-Sih, wanda kakanninsa suka zo aikin hajji daga Kano suka zauna. Ƙwallo ce ta fasa mata gira, shi ya ɗaure ciwon, yana jin tana ƙunƙuni da Hausa ya tuntsire da dariya ya ce, "Sannu, 'yar gida." Wata bakwai bayan haka magabatansa suka zo, aka sa rana bayan Babbar Sallah.

Ranar nan ta karanta sunaye, sunan Raliya ne na biyu da aka kira. Tun a tasi ta aika wa Saif saƙo, ta hau benensu da gudu bayan La'asar. Tana tura ƙofa ta ga Osman a tsaye tsakiyar falo, gaban doguwar rigarsa duk jini, waya a hannunsa. Tasallah na rakuɓe a jikin bango.

"Yaya, lafiya? Wa ya ji maka ciwo?"

"Ba jinina ba ne." Ya juyo mata da wayar. Bidiyo ne na ƙwallon da ta ci a makon jiya, wata ta ɗauka ta watsa. "Duk direbobin tasha sun gani. Wani ya ce ashe a gidanmu ke ce namijin. Na fasa masa baki. Saura ke."

"Yaya, dubi kayana, ko gashina bai fito ba. Mata ne zalla a..."

Mari ya katse ta. Kafin ta dawo hayyacinta ya fizge jakar, ya zuge bakinta, ya zaro sandar.

"Sau nawa na ce ki bari?"

"Baba da kansa bai taɓa hana ni gudu ba."

Wannan maganar ce ta ƙarasa tunzura shi. Bugun farko ya sauka a cinyarta, na biyu a gadon baya. Tasallah ta rungume shi ta baya tana cewa, "Osman, don girman Allah, a garin Manzo kake," ya hankaɗa ta, ta faɗa kan farantin shinkafa. Da ya ɗaga na uku ya nufi kan Raliya, ta tare da hannun hagu. Ta ji ƙarar ƙashin kafin ta ji zafin. Ta dubi hannun ta ga ya lanƙwashe inda babu gaɓa, sai ta zauna a ƙasa, ko kuka ta kasa. Osman ya sa sandar a gwiwa zai karya, ta ƙi karyewa, ya dinga maka ta a dokin ƙofa har ta tsage.

Tasallah ce ta kira Saif. Cikin minti goma ya iso, ya yi kiciɓis da Osman a kan matakala. Bai tambaye shi komai ba, kallo ɗaya ya yi wa tsagaggiyar sandar ya kai masa naushi. Suka mirgino tare har ƙasa. Raliya na jin ƙarar kai a jikin ƙarfen bene, tana jin maƙwabta na salati. Da ƙyar maza huɗu suka ɓamɓare Saif daga kansa, haƙoran Osman biyu sun zube a ƙasa. Da hannun nan mai jini Saif ya hau ya ɗaure mata karaya.

A asibiti aka sa mata ƙarfe da kusoshi shida. Likita ta tambaye ta me ya faru. Tasallah ta yi saurin cewa faɗuwa ta yi. Raliya ta dubi uwarta ta daɗe, sannan ta ce, "Yayana ne ya buge ni da sanda." Kafin gari ya waye 'yan sanda sun tafi da Osman.

Daga nan gidan ya zama gidan makoki. Tasallah ta daina cin abinci.

"Idan aka yanke masa hukunci korarsa za a yi," take cewa tana kuka. "In ya tafi mu ma mun tafi. Ina za mu? Ƙasar da ake yaƙi? Ki sa hannu a takardar yafiya, 'yar nan, ki rufa mana asiri."

"Yumma, da kaina ya samu fa, da wa za ki roƙa yanzu?"

Kwana na huɗu mahaifiyar Saif, Hajiya Halimatu, ta zo dubiya da kwalin dabino. Ta zauna a bakin kujera kamar mai jiran mota.

"Raliya, ba zan ɓoye miki ba. Ɗana bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba sai a kanki. Yanzu yayanki ya shigar da ƙararsa, wajen aiki sun dakatar da shi. Tun farko na ce mace da sanda ba alheri. Ki yi haƙuri, khalas, shi ke nan, a bar maganar auren nan."

Raliya ba ta san da ƙarar ba. Ta ce, "Khala, na ji." Hawayen sai da matar ta fita suka zubo.

Washegari ƙungiyarsu ta tafi Jidda. Ta kalli hotunansu a waya da hannu ɗaya, ta kife wayar.

Saif ya zo da yamma, gefen idonsa har yanzu a kumbure. Suka zauna a falo, Tasallah na kicin.

"Maganar Ummi ba tawa ba ce," ya ce. "Ko an kore ni aiki zan aure ki. Abu ɗaya nake roƙo — kada ki sa hannu. Ki bar shi ya ɗanɗana."

"Uwata fa?"

"Zan riƙe ta."

"Da wace takarda, Saif? Kai ɗan ƙasa ne, ba ka san tsoron da muke kwana da shi ba."

"Ya'ani za ki yafe wa wanda ya nemi kashe ki?" Ya miƙe. "Wallahi idan kika sa hannu kin zaɓe shi, ba ni ba."

Ya fita. Ta bi ƙofar da kallo, zuciyarta ta fi hannun zugi.

Sai da Osman ya kwana goma sha ɗaya a tsare sannan ta shirya ta je. Aka fito da shi gaban jami'i, ya rame, leɓensa da ɗinki. Ya kasa kallon hannunta.

"Yaya, dube shi," ta ce. "Ka dube shi da kyau."

Ya ɗaga ido, ya sunkuyar.

"Likita ta ce ba zai ƙara juyawa kamar da ba. Ka ce na kunyata ka. To wanne bidiyo ne ya kai ka ɗakin nan, nawa ko aikin hannunka?"

"Shaiɗan ne, Raliya."

"Kai ne. Shaiɗan bai riƙe sanda ba."

Ta juya ga jami'in ta faɗi sharuɗɗanta da Larabci. Osman zai rubuta alkawari cewa ba zai sake taɓa ta ko mahaifiyarsu ba, in ya sake babu wata yafiya. Zai bar gidan. Ba zai hana ta fita wasa ko aiki ba. Kuma zai janye ƙarar da ya shigar a kan Saif, yanzu, kafin alƙalaminta ya taɓa takarda. Osman ya sa hannu yana kuka kamar yaro. Ita ma ta sa.

Ba ta gaya wa kowa sharaɗin ƙarshe ba. Saif ya ji an saki Osman, ya daina kira. Sati uku Raliya tana zuwa gashin hannu ita kaɗai, tana matsa ƙwallon roba hawaye na zuba, tana komawa gida ta tarar da uwarta na kallonta da kunya.

Ƙanen Hajiya Halimatu, Mahmudu, shi ya je bin sawun takardar mayar da Saif bakin aiki. A can wani jami'i ya karanta masa yadda aka yi aka janye ƙarar. Ranar Juma'a bayan an sauko, Raliya ta buɗe ƙofa ta ga Hajiya Halimatu, Saif na bayanta kansa a ƙasa.

"Na kore ki kina kan gadon ciwo, kika tashi kika ceci ɗana," in ji matar. Ta kama hannun mai tabo ta riƙe a tafukanta. "Ki yafe mini, 'yata."

"Ba komai, Khala."

Saif ya ce, "Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Ba ka tsaya ka ji ba. Kai ma fushi ne ya ja ka, kamar shi. Wannan nake so ka bari kafin in shiga gidanka."

Ya ce ya ɗauki alkawari, kuma ya cika.

An ɗaura aure bayan Babbar Sallah. Osman, wanda ya koma Khaibar yana jigilar dabino, shi ya zo ya ba da ita. Bai tsaya walima ba.

Raliya ba ta sake buga gasa ba. Ta gwada sau biyu, sandar na suɓuce mata, ta zauna a gefen fili ta yi kukanta ta share. Kociya Mariam ce ta tura sunanta kwas ɗin koyarwa. Yau 'yan mata ashirin da shida ne a ƙarƙashinta, Larabawa da Hausawa da 'yan Pakistan. Duk uban da ya yi gardama, da kanta take zuwa gidansa ta zauna ta yi masa bayani, ta gayyace matarsa ta zo ta gani da idonta. Wasu sun yarda, wasu har yau ba su yarda ba.

'Yan'uwa, haƙuri ba shi ne ka yi shiru a zalunce ka ba. Raliya ta faɗi gaskiya lokacin da ƙarya ta fi sauƙi, ta yafe lokacin da ramuwa ke hannunta, Allah kuwa bai bar ta ta taɓe ba. Shi kuma mai dukan 'yar'uwarsa don tsoron bakin mutane, ya sani mutanen za su watse su bar shi da abin da hannunsa ya aikata.